Gishirin da Na Binne a Bayan Ɗakin Goggo

Sana'ata haƙar rijiya, ita na gada, ita na iya, ban iya wata ba. Da injin burtsatse ya shigo ƙauyukanmu na gefen Malumfashi ya kashe mana kasuwa, sai wani direban tirela ya ce min a Gana akwai gari ana ce masa Salaga, duk inda ka jefa ƙafa rijiya ce. Na ce to ai nan arzikina yake. Sai da na sauka a garin, na ga rijiyoyin da idona, tsofaffi tun na zamanin fataken goro, wasu a tsakar gidaje wasu a cikin ciyawa, sannan tunanin da ya kamata in yi tun a gida ya zo min: garin da rijiya ta yi wa yawa, me zai yi da mai haƙa?

Wata biyar na yi a Salaga ina haƙar masai da lodin doya. Masaukina gidan wata dattijuwa ce Bagwanjiya, Mma Adisa, mai suyar doya a bakin tasha. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Najeriya take ce min, kamar ni kaɗai ne a ƙasar. Tana da faɗa, amma ranar da ban samu aiki ba sai in tarar da doya da yaji a ƙofar ɗakina an rufe da faranti, in na yi godiya ta ce ba ita ba ce. Kewar gida kuwa kada ka tambaya. Akwai ranar da na ji wani mutum yana waya da Hausar Katsina a kasuwar dabbobi, na bi bayansa har wajen gari don kawai in ci gaba da ji, sai da ya juyo ya dafe aljihunsa na koma.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya kira ni a waya.

"Haruna, kana Gana ko?"

"Ina Gana, Baba."

"To leƙa wajen goggonka Delu a Bawku."

Ka ji fa, wai leƙa. A wurin Baba, Gana unguwa ɗaya ce, in ka fito daga wannan lungu ka shiga wancan. Goggo Delu ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, an kai ta aure Bawku tun ba a haife ni ba, mijin ya rasu, ita kuma ta ƙi dawowa. Baba ya ce kwazazzabo ya cinye bayan gidan, saura taku uku ya iso ɗakinta, an yi an yi ta fita ta ce atafau. Muryarsa ta yi ƙasa ya ce, "In damina ta sauka a haka, da ita ƙasar za ta tafi. Ita kaɗai ta rage min. Kai ne ka san ƙasa, ka je ka yi wani abu."

Na ce, "Baba, ka ɗauka an gama."

Abin da ya ba ni ƙarfin bakin nan shi ne wani ilimi da na daɗe ina ɓoyo a cikina. Shekaru kaɗan kafin nan na yi lebura a aikin wata gada a wajenmu, ƙarƙashin wani Bature daga ƙasar sanyi. Wata rana muna hutawa ya ɗauki curin laka yana murzawa, ya ba mu labarin lakar ƙasarsu. Wai a ƙarƙashin teku ta kwanta tun fil'azal, da tekun ya janye ruwan sama ya yi ta wanke gishirin da ke cikinta. In ka gan ta ka ce dutse, amma da an ɗan girgiza ta sai ta zama kunu, tudu guda ya zaftare da gidaje da gonaki da mutane. Maganinta, in ji shi, sai a yi ta huda ramuka masu zurfi ana ɗura gishiri, a hankali ya ratsa lakar ta sake ƙanƙamewa. Direbansa ne ke fassara mana, shi ma Turancin nasa na tasha ne. Sauran leburori suka yi hamma suka manta. Ni kuwa na naɗe abin a zuciya da kalma uku: gishiri maganin laka.

Kusan duk abin da na tara a wata biyar na zube wa wani mai gishiri a kasuwar Salaga, ya ba ni buhu goma, yana ta rantsuwa cewa ko uwarsa ba zai sayar wa a haka ba. Aka kawo su gidan Mma Adisa a motokin, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwala a baya. Da yake ni mutum ne mai tsari, na ce sai na yi gwaji tukuna. Bakin rijiyar gidan yana ɗan zubewa, na samu Mma na yi mata bayanin Bature da teku. Ta ce in dai ba kuɗi zan karɓa ba, in yi. Na ɗauki dagi na huda ramuka biyar kewaye da rijiyar, na juye buhu guda, na bi da ruwa, na toshe.

Kwana na shida da safe ta aiko a kira ni. Na same ta zaune da kofin koko a gabanta.

"Najeriya, sha."

Na kurɓa. Wallahi kamar an dama da hawaye.

A Hausar zango mace da namiji duk "ya" ne, haka ta dube ni ta ce, "Rijiyan nan ya fi kakanka shekaru. Bai taɓa yi min rashin kunya ba sai da ka zo."

"Amma Mma, tsakani da Allah, bakin ya ƙara zubewa?"

"Bai zube ba."

"To!"

Ka ga inda wauta take. Tsakiyar bazara muke, ƙasa ta bushe ƙayau, ko tsohuwar katangar da Allah ya yi wa tsawon rai ba ta faɗuwa a lokacin. Amma ni a raina gwaji ya ci, ɗanɗano ne kawai ya samu matsala, kuma Goggo ba shan kwazazzabonta za ta yi ba. Kwana biyu na yi ina yashe rijiyar Mma Adisa tana tsaye a kaina tana lissafo min laifuffukan mutanen ƙasarmu tun daga kan shugabanni. Ranar tafiya ta ƙunso min soyayyar doya mai yawa, ta rako ni har tasha. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kai ka lafiya." Sai ta ƙara da cewa, "Allah kuma ya tsare mutanen Bawku."

Direban da na samu ya dafa ƙirji ya ce Bawku kai tsaye za shi, ya caje ni kuɗin gishiri kamar kowane buhu fasinja ne mai mata biyu. Muka sha jar hanya da ramuka, har muka shiga Yendi da la'asar. Sai na ga kowa yana sauka, ana ta jefo buhunana ƙasa. Na ce, "Direba, Bawku fa?" Ya nuna arewa da leɓe ya ce, "Yana can, ba wanda ya ɗauke shi." Ya ja motarsa ya bar ni.

Ga ni a Yendi, ban san kowa ba, babura na wucewa ta ko'ina kamar an fasa gidan zuma, ni da buhu tara a bakin titi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hadari da na gani yana haɗowa ta kudu. A ƙasar nan damina daga kudu take tasowa tana hawa arewa, wato ni da ita tsere muke zuwa ɗakin Goggo. A Dagbanci, yaren garin, kalma ɗaya na sani, "naa", wadda ake amsa gaisuwa da ita, don haka duk wanda ya yi min magana sai in rusuna in ce naa. Ashe wani tambayata yake ko gishirin na sadaka ne. Sai da na ga ya tafi ya dawo da kwano na gane.

Iska ta taso, yayyafi ya fara. Ina ta kiciniyar jan buhu sai na ji an ce da Hausa tsantsa, "Kai ɗan samari, gishiri da ruwa ba sa ga maciji, kama nan!" Wani dattijo ne siriri da hular sanyi a wannan zafin. Muka yi ta ja zuwa rumfar wani tela, amma kafin mu gama ruwa ya samu buhu ɗaya, ina kallo rabinsa ya bi kwata ya tafi. Sunan dattijon Foman Alasan. Ya yi aikin hanya shekara talatin, kuma da ƙuruciya ya zauna a Kaduna lokacin da mutanen Gana ke zuwa ci-rani wajenmu. Ya kai ni gidansa, matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka. Loma ta farko na ji ƙamshin daddawa irin na gidanmu, sai hawaye. Na ce yaji ne. Foman ya ce ƙwarai, matarsa akwai hannun yaji, alhali ko ƙwaya babu a miyar.

Kwana uku na yi a gidansa ina jiran mota. A rana ta biyu ya tambaye ni ina zan kai gishiri haka, ni kuwa dama neman mai tambaya nake. Na gyara zama na kwararo masa Bature da teku da kunu, har da gwajin Salaga, na dai tsallake zancen koko. Ya saurara har ƙarshe yana sakace.

"Lakar Baturen nan, daga ina ka ce ta fito?"

"Daga ƙarƙashin teku."

"Ta goggonka fa?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ɗana, lakar da aka haifa a teku, gishiri nononta ne. In an yaye ta dole ta yi laushi, in an mayar mata ta miƙe. Ta Bawku ba ta taɓa ganin teku ba ko a mafarki. Sannan ka tambaye shi wane irin gishiri suke zubawa? Na miya ne?"

"Baba Foman, gishiri ai gishiri ne."

"A'a. Ni da idona na ga inda gishirin miya ya shiga laka, ruwan sama ya biyo baya, ta narke kamar sabulu. Ka je ka karkatar da hanyar ruwan daga sama, ka jera duwatsu a gindi, ka dasa ciyawar jema ta riƙe ƙasar. Kafin duk wannan, ka fitar da tsohuwa daga ɗakin."

Na ce to, na gode. A zuciyata kuwa cewa na yi hassada ce, baƙin mutum ba ya son ya ga ɗan'uwansa da ilimin Bature. Allah ya yafe min, domin mutumin nan shi ya yi ta zarya a tasha har ya samo min wata babbar motar masara mai zuwa Bawku, ya roƙi direban ya ɗauke ni kyauta. Da zan hau ya riƙe hannuna ya ce, "Ko ba ka ji komai ba, ka ji na ƙarshen." Na ce naa.

Muka bi ta Gushegu, muka hau dutsen Nakpanduri motar na nishi kamar mai naƙuda, ni ina can sama a kan masara ina rungume da dukiyata. Gab da Bawku akwai shingen bincike. Wani soja ya ga farin abu a buhu, ya ce in sauko. Na ce gishiri ne. Ya ce me zan yi da shi. Na ce binnewa zan yi. Ya kira abokinsa ya ce in maimaita. Ƙarshe dai suka ce tunda gishiri ne, in lasa daga kowane buhu suna gani. Na lashi na ɗaya, na biyu, na uku, harshena ya fara tsagewa. A na bakwai sojan ya soka ƙarfe can ƙasa ya zaro, sai ga yashi. Na takwas ma haka. Ashe mai rantsuwar Salaga a buhunan nan biyu taƙi ɗaya na gishiri ya shimfiɗa a sama, sauran duk rairayin rafi ne. Sojojin suka yi dariya har ɗaya ya jingina da mota, sannan suka ba ni ruwan leda biyu suka ce in tafi, wahalar da nake ciki ta ishe ni.

Goggo Delu na gani na gane, domin fuskar Baba ce sak aka ɗaura wa kallabi. Ta dube ni ta dube ni, sai ta ce, "Babana!" don sunan mahaifinsu aka sa min. Ta kama kaina tana shafawa kamar yaron goye. Hausarta irin ta ƙauyenmu ce ta shekara arba'in da suka wuce, ba abin da ya taɓa ta. Ta yi ta tambayata mutane, wane yana nan? Wance fa? Yawancinsu sun daɗe a ƙasa, na rasa yadda zan yi, na riƙa cewa suna gaishe ki.

Gidan babba ne. A sashen gaba ɗan wan mijinta ne da matarsa Fusaina, ita Goggo tana can ƙurya a wani tsohon ɗakin ƙasa. Na zagaya bayansa na leƙa. Kwazazzabon ya fi tsayin mutum biyu zurfi, gaɓarsa jar laka a tsaye kamar an yanka da wuƙa, kuma taku ukun da Baba ya faɗa sai in yaro ne ya taka. A matsayina na wanda ya shekara ashirin a cikin rami, na san ƙasar nan ba za ta ga ƙarshen damina ba.

Na tuna maganar Foman ta ƙarshe, na ce, "Goggo, ki koma ɗakin gaba kafin in gama aiki."

"Ko uban naka ne ya zo da kansa."

"Goggo, ɗakin nan zai tafi."

"To ya tafi da ni. Ka ci abinci?"

Shi ke nan, ba sauran dabara sai gishiri. Washegari tun da sassafe na fara. Ramuka ashirin da wani abu na huda a jere tsakanin bangon ɗakin da bakin kwazazzabo, kowanne iya tsawon dagina da hannuna. Unguwa ta taru. Kafin azahar an raɗa min suna Injiniya, ni kuma ban musa ba. Cikin 'yan kallo akwai maƙwabcinsu Alhaji Seidu, dillalin shanu, wanda garkensa ke tsallaken kwazazzabon. Ya matso ya ɗebi kaɗan ya ɗanɗana.

"Injiniya, wannan gishiri ne?"

"Shi ne, Alhaji."

"Duka za ka zuba a nan?"

"Duka."

"Masha Allah," in ji shi, idonsa na ƙyalli. "Allah ya ƙaro mana irinku."

Na ji daɗin addu'ar nan ƙwarai. Na ɗura gishiri, na bi da ruwa jarka bayan jarka, na toshe. Kwana uku sai ga gaɓar ta yi fari fat daga sama har ƙasa, gishiri ya tsattsafo ta jikin lakar. Na kira Baba na ce masa aiki ya kama, ko giwa ta hau wurin ba zai motsa ba.

Awaki ne suka fara zuwa. Uku, sai bakwai, suna tsaye a kan ƙafafun baya suna lasar gaɓa. Na kore su ina dariya. Da yamma tumaki suka zo, da jakuna biyu. Washegari ina alwalar asuba na ji ƙasa na rawa, na leƙa, sai ga shanun Alhaji Seidu kaf ɗinsu a cikin kwazazzabo, sun jeru kamar sahun Idi, kowace ta kafa harshe a jikin lakar Goggo.

Jama'a, ni ɗan ƙauye ne. Na tashi ina ganin Fulani na sayen kanwa da gishiri don lasa, na san saniya za ta yi tafiyar yini don ta lashi ƙasa mai gishiri. Amma tun daga Salaga har Bawku, ko sau ɗaya abin bai faɗo min a rai ba, saboda a labarin Bature babu saniya.

Na ruga gidan Alhaji. Ya ce, "Wallahi Injiniya ni ban kora su can ba, hanci ne ya kai su. Ka taɓa ganin an yi wa saniya shari'a?" Ranar kasuwa abin ya wuce misali. Labari ya bazu cewa wani bawan Allah daga Najeriya ya buɗe lasa kyauta fisabilillahi. Duk dillalin da zai kai shanu kara sai ya gano cewa ta kwazazzabon ne hanya ta fi kusa. Ina tsaye da sanda ina ihu, in kori goma ta nan, ashirin su shigo ta can. Wani makiyayi ma har ya kawo min ƙwan zabi cikin ƙwarya, ya ce tukuici ne, shanunsa sun yi sheƙi. Na karɓa, don yunwa nake ji.

Cikin mako ɗaya suka lashe gindin gaɓar, suka yi mata kogo wanda babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Waɗanda ba su samu wuri a ƙasa ba suka zagayo sama suna tono ramukana da kofato. Taku uku ya koma ɗaya. Bangon ɗakin ya tsage, tsagar da hannuna ke shiga. Hadari kuma kullum sai ya haɗu da yamma ya watse. Abinci ya daina wuce min. Na zo ceton tsohuwa, ga shi na ninka wa kwazazzabo sauri, kuma in ta mutu da wane baki zan gaya wa Baba?

Na durƙusa a gabanta na ce, "Goggo, don girman Allah ki fita. Na yi kuskure, aikin nan ɓarna ya yi."

"Na sani, Babana. Tun ran da ka fara na sani."

"To me ya sa ba ki hana ni ba?"

"Na ga kana jin daɗi."

Ta ƙi fita. Tsoron mutuwa bai fitar da ita ba, roƙona bai fitar da ita ba. Abin da ya fitar da ita ƙuda ne. Kashin shanu ya taru a bayan ɗaki, ƙudaje suka mamaye ko'ina, ba dama ta buɗe kwano. Ana haka wani bajimi ya zuro kai ta taga tana sallar walaha, ya lashe daddawar da ta shanya a faifai, ya tsaya yana kallonta yana tuƙa. Ta sallame, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da rediyo.

"Kwana uku zan yi a wajen Fusaina," in ji ta. "Kwana uku, ka ji ko? Ka sallami baƙinka, ka share min wuri, in dawo ɗakina."

A rana ta biyu, bayan azahar, ruwa ya sauko. Ruwa ne irin na farkon damina mai haushi, kamar da bakin ƙwarya. Muna rakuɓe a rumfar gaba, ni da Goggo da Fusaina, muna jin kwazazzabo na ruri. Ba a yi awa ɗaya ba muka ji wani gum, ba mai ƙara sosai ba, kamar an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Na ɗaga ido, sai na hango garken Alhaji Seidu ta inda ɗakin Goggo yake a da. Ɗakin ya tafi gaba ɗaya, da gadon ƙarfenta da akwatinta da jeren kwanukan aurenta.

Fusaina ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa na zauna a cikin ruwa ina kallon tsohuwar nan, ina ƙirga ta da ido kamar ba ita ba ce, ga hannu, ga ƙafa, ga kallabi. Shekara uku dangin mijinta da limamin unguwa suna fama ta fita ba ta fita ba, sai wautata da bajimin wani suka fitar da ita saura kwana ɗaya.

Da ruwa ya tsagaita ta tashi ta nufi wurin, na bi ta ina riƙe da gefen zanenta kada ta matsa da yawa. Jan ruwa na gudu a ƙasa, murfin kwano ɗaya na juyawa a kai. Maƙwabta suka taru ana barka da arziki, har da Alhaji Seidu, wanda ya ce dama shi tun farko bai yarda da aikin ba. Goggo ba ta kula kowa ba. Ba ɗakin take kallo ba, wurin da na huda ramukana take kallo, wanda yanzu babu shi.

Na ce, "Goggo, ki yafe min. Ni na jawo."

Ta nuna wurin da hannu. Sannan ta ce, "Huɗu na haifa a ɗakin nan, Babana. Biyu maza biyu mata. Ba wanda ya kai yaye."

Na san ta yi haihuwa ba su tsaya ba, amma a gidanmu ba a zancen.

"Maƙabartar da aka kai su an yi gine-gine a kai tun tuni, ko wurin ban gane ba. Amma cibiyarsu a nan bayan ɗaki ungozoma ta binne, a jere, ina kallo ta taga. Su nake gadi. In na tafi wa zai san an taɓa yin su?"

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na tsaya ruwa na ɗiga daga gemuna. Kuka nake sosai, kuma a nan babu yajin da zan laƙa wa.

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta juya wa kwazazzabon baya.

"Yaya yana da ɗakin da ba kowa a gidan?"

"Akwai na Inna, mahaifiyarku. Yana nan yadda yake, hatsi muke zubawa a ciki."

"To kira shi," in ji Goggo. "Ka ce a kwashe hatsin."